Jan Tabo A Bakin Rafi

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Laraba aka bugo wa Sufeton 'yan sanda waya. Gobarar da ta ci gefen gandun daji jiya da la'asar ta mutu, amma an tsinci gawa.

Mamacin mai kiwon zuma ne. Da alama ya je ceton amyoyinsa, hayaƙi ya turnuƙe shi. Jami'in kashe gobara ya ja Sufeto zuwa bakin rafi, ya tona ƙasa da takalminsa.

"Duba, yallaɓai, ƙasar da lema. Wuta ba ta tashi da kanta a irin wurin nan, sai an taimaka mata." Ya nuna wata jarka da ta narke. "Fetur ne."

"Gobara ta nawa ke nan?"

"Ta uku cikin wata guda. Biyun farko, ofishin hasashen gobara ya faɗi wurarensu tun kafin su tashi. Har a rediyo aka yabe su."

Ofishin hasashen ɗaki uku ne a hawa na sama, da fanka mai ƙara da babbar taswira a bango. Dakta, wadda ta kafa aikin shekara tara da suka wuce, ta tarbi Sufeto a tsaye.

"Na'urori goma sha biyu muka kafa a dajin," in ji ta. "Suna aiko mana da zafin rana da ƙarfin iska da danshin ƙasa. Kwamfuta ta haɗa su da bushewar ciyawa da gangaren wuri, ta fitar da taswira. Ja haɗari, kore lafiya."

"Bakin rafi fa?"

"Kore, ga shi kana gani."

"Akwai wata matsala a ofishin nan?"

"Babu."

"Wa ke kula da na'urorin?"

"Injiniya. Ƙanena ne." Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Saje, mataimakin Sufeto, wanda bai taɓa wuce kwandon shara bai leƙa ba, ya fito daga ɗakin sakatariya da wata dunƙulalliyar takarda. Taswira ce mai kwanan watan Litinin. A cikinta bakin rafi ja ne wur.

"Kuskure ne, yallaɓai," in ji sakatariyar. "Wata na'ura ce ta aiko da shirme da azahar. Dakta ta gano, ta gyara ƙarfe huɗu, sannan aka tura wa jama'a."

"Su wa suka ga ta farkon?"

"Ni da Dakta da Injiniya."

"Shi yana nan aka gyara?"

"Ya fita tun ƙarfe biyu. Bai dawo ba sai yau." Ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Kuma ni dai ban faɗa maka ba, amma an turo takardar rufe ofishin nan ƙarshen wata. Wai kafin watan nan, shekara biyu hasashenmu bai dace ba ko sau ɗaya."

Sun sami Injiniya a ɗakin ajiya yana kwance wata na'ura. Mutum ne mai kusan shekara arba'in, magana a hankali.

"Ina ka je jiya?"

"Arewacin daji. Na canza batirin na'ura ta bakwai."

Sufeto ya sa sakatariya ta buɗe bayanan na'urar a kwamfuta a gaban kowa. Na'ura ta bakwai ta yi shiru tun ranar Lahadi, har yanzu ba ta ce uffan ba.

"Sabon batiri, kuma ba ta tashi ba?"

Dakta ta shiga tsakani. "Ni na aike shi wani wuri. Jiya muna tare a gida."

"Dakta, rajista ta nuna kin yi taro a nan har ƙarfe shida." Sufeto ya shimfiɗa dunƙulalliyar takardar a kan tebur. "Wanda ya kunna wutar nan taswira yake bi. Sau biyu ya bi ta daidai. Na ukun ya bi wadda aka jefar, don bai san an gyara ta ba. Da ya ga ciyawa ta ƙi kamawa, sai ya zuba mata fetur."

Injiniya ya ajiye sukundireba. Ya kalli takardar.

"Ban san akwai mutum a wurin ba."

"Yi shiru!" Dakta ta daka masa tsawa.

"A'a, Yaya, ya isa." Ya juya ga Sufeto. "Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Shekara tara tana kan aikin nan, ko hutu ba ta ɗauka. Lissafinta daidai ne, wuraren a bushe suke kamar ashana, wutar ce kawai ba ta zo ba. Na ce in an ga hasashe uku sun tabbata, za a janye takardar. Ba ta sani ba, wallahi."

Sufeto ya dubi Dakta. "Yaushe kika fara zarginsa?"

"Yau da safe," in ji ta, "da na ji inda wutar ta tashi."

Saje ya sa masa ankwa. Injiniya bai yi gardama ba, ya dai roƙi a bi da shi ta ƙofar baya. Suka sauka, ƙarar takalmansu na raguwa a kan matakala.

Dakta ta zauna a kujerar da ya tashi. Can ta ɗago kai.

"Mutumin da ya rasu, yana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya huɗu. Bayanin da zan ɗauka a wurinki zai iya jira zuwa la'asar."

Ta kashe kwamfutar, ta ɗauki jakarta.

"To, ka nuna mini gidansu."