Hular da Iska Ta Ɗauke a Ƙofar Mata

Hula ce ta fara isowa wurin Yagana, mai ita yana baya.

Ranar kasuwar Gaya ce, zamanin mulkin Turawa, lokacin da in babur ya wuce sai mutane su bar ciniki su bi shi da kallo. Tana zaune bakin hanya da faifan hulunan da ta ɗinka, sai ga ƙara, babur ya wuce fuu, wata tsohuwar hula ta faɗo tsakiyar kayanta.

Mai babur ya juyo yana sosa ƙeya. Inuwa ne, ɗan Ajingi, masinjan wani attajirin gyaɗa na birnin Kano, mai aikensa ƙauyuka wurin masu awo.

"Sannu 'yan mata. Hulata ta sauka a wurinki."

"Ta fi ka hankali," in ji Yagana. "Ita ta san inda ake tsayawa."

Ya yi dariya, ya dube ta, dariyar ta maƙale. Ranar ya sayi hula, kasuwa ta gaba ya sake saye, wai iska ta ɗauke ta farkon. Tun tana yarda har ta gane ba duka laifin iska ba ne. Ta sa masa suna Sarkin Sauri, shi kuma yana ce mata Sanyin Idona.

Da ya fara zuwa zance gidansu a Kademi, labarin birni yake ba ta: yadda yake kutsawa tsakanin jakuna da kekuna, yadda iska ke cika masa riga in ya miƙe hanyar dalar gyaɗa. Har ya nuna mata wani tabo mai faɗin bakin ludayi a ƙwaurinsa na dama.

"Salansa ce, bututun hayaƙin nan. Duk wanda ya yi wa babur gaggawa sai ta buga masa hatiminta."

"Kuma kana alfahari da shi!" Ta kawar da kai. Son sa take yi ƙwarai, shi ya sa tabon ya tsorata ta.

Mahaifinta Mala Ari, dattijon Barebari mai noma da fataucin kanwa, ya ce sam.

"Ba na ba da 'yata ga wanda ke hawan wuta da ƙafarsa. Yau amarya, gobe takaba? Ga Barau ɗan Balan na neman ta, a kan jaki yake zuwa, a kan jaki yake komawa."

Yagana ce ta samo mafita. Ta ɗinka hular zanna mai zaren kore, da gangan ta ɗan sassauta bakinta, ta kai gaban mahaifinta.

"Baba, wannan ba ta zama a kan mai gudu. In ya kai kaka da ita a kansa, ka san ya natsu. In ta faɗi, ni da bakina zan ce na fasa."

Mala Ari ya amince, don ya tabbata ba za ta kwana biyu ba.

Sai ga Sarkin Sauri ya koma tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. 'Yan keke na wuce shi suna masa tsiya. Gwaggo Fanta, mai kai daddawa birni, ita ke kai musu saƙo da baki.

"Ya ce a gaya wa Sanyin Idona, yau wata tsohuwa mai sanda ta riga shi isa kasuwar Kurmi, amma hula na nan."

"Ki ce masa na gode wa tsohuwar. Ki ce kullum ina sa shi a addu'a."

Ana gab da kaka Mala Ari ya shiga birni sayar da kanwa. Ciniki ya ja shi, aka ce motar Gaya na shirin tashi. Inuwa ya ci karo da shi a bakin Kurmi, ya sauka ya durƙusa.

"Baba, in ka yarda in kai ka tasha."

Dattijon ya harari babur, ya dubi rana, ya naɗe fuska da rawani don kada wani ya gane shi, ya hau yana salati.

To, abin da ba wanda ya zata: iska ta buga shi, garu na wucewa, mutane na darewa, sai Mala Ari ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun yana yaro a kan goɗiyar kakansa.

"Kai yaro, iyakarsa ke nan?"

"A'a Baba, amma..."

"Ƙara masa wuta mana!"

Saurayin kirki ba ya musu da wanda yake fatan ya zama surukinsa. Inuwa ya murɗa. Dattijo na bayansa yana "Ƙara! Ƙara!" har da ƙyaƙyatawa. Daidai Ƙofar Mata hula ta tashi, kuma a daidai nan wani raƙumi ya sako kai da kayansa. Inuwa ya kauce, suka zube kan tarin buhuna. Allah ya tsare, ba karaya, sai dai salansa ta lashi ƙwaurin Mala Ari.

Da suka isa tasha, dattijon ya sauke riga kan ƙunar, ya ce a hankali, "Kada kowa ya ji."

"To, Baba."

Inuwa ya koma neman hula, babu ita. Barau ne ya tsince ta. Shi ma ya shigo birni ranar, ya ga babur ya wuce da wani mai rawani, bai san ko waye ba. Washegari ya dire ta gaban Yagana.

"Ga alkawarin naki. A ƙasa na same shi."

Da Inuwa ya zo kai ba hula, ta tare shi a zaure idonta jawur.

"Ka yi gudu?"

"Na yi."

"Me ya sa?"

Ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta wanke shi, amma ita ce za ta kunyata mahaifinta a gidansa.

"Ba zan iya faɗa ba, Sanyin Idona."

"Kada ka ƙara kira na haka. Na ce zan fasa, na fasa."

Ya tura babur ɗinsa har bayan gari bai tayar ba. Ita kuwa ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Mala Ari ya samu abin da yake so, amma ya kasa cin tuwo. Ga ƙafa na zafi, yana ɗingishi yana cewa ƙaya ce. Da abin ya ƙi, matarsa Iya Zara ta matsa sai ta gani, ta kira Yagana ta kawo man shanu. Yagana ta durƙusa, ta ga ƙuna mai faɗin bakin ludayi a ƙwaurin dama. Ta daɗe tana kallo.

"Baba," ta ce da ladabi, "wannan ƙayar, a birni take tsirowa?"

Iya Zara ta dubi mijinta. "Malam?"

Dattijon ya yi gyaran murya, ya sake yi. "Ni na ce ya ƙara wuta. Yaron nan tafiya yake kamar hawainiya, ni na matsa masa. Na ce ya rufa mini asiri, ya rufa, har ya yarda ya rasa ki a kai." Ya dubi matarsa. "Wanda ya riƙe mutuncina haka zai riƙe 'yata. A kira shi."

Iya Zara ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Saƙon da Gwaggo Fanta ta kai gajere ne: "Ta ce Sanyin Idonka na neman gafara. Ta ce ka zo karɓar hularka, amma a hankali."

Bayan an ɗauke amfanin gona aka ɗaura aure a Kademi. Barau ma ya zo, ya ci goro ya yi fatan alheri. Ango na sanye da hular kore, Yagana ta tsuke bakinta daidai kansa. Mala Ari ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya tsare su a kan kowace hanya. Jama'a suka shafa.

Da taro ya watse, Mala Ari ya ja angon gefe.

"Ranar kasuwar Ajingi ka biyo ka ɗauke ni."

Daga bayan ƙyauren zaure aka ji muryar amarya: "Baba, na ɗinka maka taka hular. Ita ma bakinta a sake yake."