Bututun Bakin Shinge

Da la'asar sakaliya Mu'azu ya saɓa guduma a kafaɗa, ya ce wa matarsa Azumi zai mayar wa ƙanensa Habibullahi gudumarsa. Gonakinsu a haɗe suke, can bayan Tabanni a bakin daji, kowa da bukkar da yake zama a ciki lokacin aiki. Shingen ƙaya ne kawai a tsakani.

Ruwa ne ya ɓata masa rai da ƙanen. A fadamar nan ba sai an haƙa rijiya ba. Bututun ƙarfe mai tsini da ƙananan huji ake kafawa, a yi ta dukansa da guduma har ya tarar da ruwa, sai a ɗaura masa kan famfo. Mu'azu ne ya fara ganin dabarar, shi ya koya wa Habibullahi. Ya kafa nasa a nan, ya zare ya kafa a can, ba ya samun komai sai busasshen yashi. Habibullahi kuwa wuni ɗaya ya yi, ruwa ya tsarto a ƙofar bukkarsa. Yanzu har makiyaya sun yi hanya zuwa wurin, suna sha suna sa masa albarka. Azumi ma ta kurɓa ta ce, "Ruwan Habibu kamar an zuba masa sukari."

Mu'azu ya tarar da bukkar Habibullahi a rufe, babur ɗin ƙanen ba ya nan. Famfon yana ɗiga a hankali, ƙasa ta yi baƙi da laima. Ya daɗe yana kallo. Sai ya koma ya jawo bututunsa, ya kafa shi daf da shingen, ta ɓangarensa. In ruwan a nan yake, to ya dawo wajensa, na wancan ya ƙafe.

Ya fara duka. Rana ta yi ja, ta faɗa bayan itatuwa. Bututun yana shiga ba gardama, kamar ana jansa daga ƙasa.

Ya tsaya ya share gumi.

Ƙwam.

Daga ƙarƙashin ƙasa ƙarar ta fito. Ya dubi gudumar, tana hannunsa.

Kwaɗin fadama suka yi tsit. Wani wari ya taso daga bakin bututun, irin na tsohuwar randa da aka manta a rufe. Ya dafa ƙarfen don ya leƙa. Sanyinsa ya ratsa shi har haƙori, tafin hannunsa ya manne.

"Kai ma yana ba ka haushi?"

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Wace ce?" in ji Mu'azu. Da ƙyar ya ji kansa.

"Ruwana ne. Ƙanenka ya huda mini rufi ya ɗiba, shi ake yi wa godiya. Ni ba a san da ni ba." Numfashi ya biyo bututun, ya taɓa fuskarsa. "Kai ma ba a san da kai ba."

Ya ja hannunsa. Ya ƙi fita. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi laushi, taɓo ya haɗiye takalmansa.

Can nesa ya ji ƙarar babur.

"Ga shi nan tafe. Ka ce ya zo ya leƙa. Leƙawa kawai. Sai in sake ka, ruwan ya zama naka."

Fitilar babur ta haska bukkar. Injin ya mutu.

"Yaya? Kai ne a nan?"

A ransa Mu'azu ya hango makiyaya a ƙofar tasa bukkar. Ya hango Azumi tana kurɓa tana ambaton sunansa. Bakinsa ya buɗe zai kira ƙanen.

Taɓon ya kai gwiwa.

Habibullahi ya nufo shingen, yana haska wayarsa. "Ka samu ruwa ke nan? Alhamdulillahi. Bari in gani."

"Kira shi," in ji muryar.

"Tsaya nan, Habibu." Mu'azu ne ya faɗa. "Kada ka matso. Jefo mini igiya."

Wani abu ya kama idon sawunsa a cikin taɓon. Yatsu ne, dogaye, masu sanyi.

Ya kama Ayatul Kursiyyu, harshensa yana sarƙewa. Igiyar shanya ta faɗo masa a kafaɗa, ya naɗe ta da hannun hagu. Habibullahi ya dage daga bayan shingen yana ja, yana karatu shi ma. Fatar tafin Mu'azu ta saɓule a jikin ƙarfen. Ya zube cikin ƙaya.

Suna kallo bututun ya nutse gaba ɗaya, ƙasa ta rufe a kansa.

Washegari Mu'azu ya nace sai da suka zare famfon Habibullahi, suka cike ramin da duwatsu. Ƙanen ya bi maganarsa bai ja ba, duk inda ya zauna sai ya ba da labarin yadda yayansa ya hana shi matsowa. Hannun Mu'azu ya warke, amma tafin ba ya bushewa, ko da rani. Tun daga ranar kuma bai ƙara iya haɗa ido da Habibullahi ba.