Kujerar Gaba

Khairiyya ta fizge mukullin daga igiyar wuyanta ta wurga masa. A ƙasa ya faɗi, dab da takalmin Tasi'u.

"Ɗauki kayanka. Na gama jira."

Tasi'u bai sunkuya ba. Yana tsaye a ƙofar zauren, hannayensa a baya kamar kullum, don kada ta ga baƙin man da ya kama masa farce.

"Hairina, me na yi?"

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan."

Ta juyo masa fuskar wayarta. Hoton jif ɗinsa ne a wani gareji a Ƙofar Ruwa, an yi mata tsirara. Babu inji, babu taya, babu ƙofa, sai ƙashin ƙarfe a kan duwatsu.

Duk ƙauyukan gefen Makoda an san Tasi'u da motar nan. Malamin firamare ne, amma da an tashi makaranta sai ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashin tsohuwar jif ɗin da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ta daɗe a gindin darbejiya har kaji na yin ƙwai a cikinta. Ba sana'a ya ɗauke ta ba, so ne kawai. Da ya aika neman auren Khairiyya, mahaifinta Malam Sama'ilu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a gaban dattawa ranar da gawar nan ta tashi ta zo ƙofar gidansa da ƙafarta, ya ba shi 'yar. Kowa ya san ba'a ce. Tasi'u da Khairiyya ne kaɗai suka ɗauke ta alkawari. Ita ta zaɓi koren fenti, ita ta ɗinka wa kujerar gaba riga, shi kuma ya ba ta mukulli guda ta rataya a wuya.

Hoton kuwa ƙawarta Aina'u ce ta kawo, ƙanwar Najib mai shagon siminti a Bacirawa, wanda ya daɗe yana zarya ba a kula shi. Aina'u ta rantse 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa Tasi'u ya sayar wa motar, har ta ƙara da cewa ai Khairiyyar ya auna a kilo.

Tasi'u ya yi bayani iya bayani. Ya ce tsatsa ce ta ci shasin, wato ƙashin motar, kuma tsohuwar mota ba a gyara ta daga sama, sai an wargaza ta kaf an yi walda, sannan a mayar da komai ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓoye mata ne don kawai ta ga motar tana tahowa.

"Damina nawa kana ce min saura kaɗan? Sa'o'ina duk sun yi goyo. Ni ba ƙarfe ba ce, Tasi'u, tsufa nake yi. Ka je ka auri gawarka... dama kullum warin kananzir kake."

Maganar ta yi muni, ita ma ta san ta yi muni, amma ba ta janye ba. Ya sunkuya ya ɗauki mukullin, ya goge shi da bakin rigarsa, ya tafi.

Babu wanda ya yi mata dole. Da bakinta ta ce Najib take so, Malam Sama'ilu ya yi hamdala. Tsofaffi suka ce a bari sai kaka saboda hanya, Najib ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Aka sa rana tsakiyar damina.

Ranar kai amarya aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bayan la'asar aka fito da ita a sabuwar motar ango, mai sheƙi, mai cikin da ke shafar ƙasa. Ba su fita daga gonakin gero ba ta lume a taɓon fadama, injin ya sha ruwa ya mutu. Samari suka tura har suka gaji.

Sai aka ji wani ƙugi daga baya.

Jif ɗin ce, koriya shar, tayoyinta sun kai cinyar mutum, tana keta taɓon kamar tana kan kwalta. A ranar ta fara tashi. Tasi'u ya san ranar mece ce, duk da haka sai da ya kai ta ƙofar gidan Malam Sama'ilu ya danna hon, tsohon ya fito ya tsaya da carbi a hannu yana kallonta, sannan Tasi'u ya biyo bayan 'yan kai amarya.

Gwaggo Hure, ƙanwar mahaifin amarya, ta ce amarya ba ta kwana a hanya. Aka roƙi Tasi'u, ya ce bismillah. Mata suka cika bencin baya, amarya aka sa a gaba.

Ta ƙasan mayafi Khairiyya ta ga rigar kujerar. Ga inda zare ya ƙare mata ta ƙarasa da wani launi. Ga mukullai biyu suna lilo, ɗaya da guntuwar igiyarta.

Suna hawa kwalta Gwaggo Hure ta ce, "Ikon Allah! Ba an ce ka sayar da ita ba, Malam Tasi'u?"

"Ku tambayi Aina'u, Gwaggo. Ranar da ta ɗauki hoton ina wurin. Har sabuwar waldar na nuna mata."

Aina'u na baya, ta juya tana kallon gonaki.

Kuka ya ƙwace wa Khairiyya, irin wanda ke fitowa daga ciki. Matan baya suka yi ta yaba mata, wai amarya mai tarbiyya, ji yadda take kukan rabuwa da gida. Tasi'u bai dube ta ba ko sau ɗaya. A hankali yake tuƙi, yana kauce wa kowane rami, har Bacirawa.

A ƙofar gidan Najib mata suka sauka suna guɗa. Khairiyya ta kama hannun ƙofar ta kasa buɗewa.

"Tasi'u... don Allah ka yafe min. Ban sani ba."

"Na faɗa miki ai."

Ya miƙa hannu, farcensa da baƙin mai, ya buɗe mata.

"Sauka a hankali, amarya. Kar ki buga min ƙofar, fentin bai gama bushewa ba."