Sarsara ta Ƙarƙashin Dami

Ranar da Ummussalma ta shiga shagon gyaran waya na Taufiq a bakin tashar Birnin Kudu, gilashin wayarta kawai ta zo a canja mata. Ta miƙa masa wayar, sai idonta ya sauka kan kwamfutar da ke gefensa. Zanen wani ƙaton maciji ne mai fukafukai, wuta na fita daga bakinsa.

"Malam, wannan mene ne?"

"Maciji ne, na wani gem, wasan kwamfuta, da muke haɗawa."

"Wanda ya zana shi bai taɓa shiga gona ba."

Taufiq ya ajiye sukundireba ya ɗago kai. Doguwa ce, baƙa, cikin hijabi ruwan toka, kuma ba ta kawar da ido ba.

"Ni na zana."

"To da kai nake."

Maimakon ya ji haushi, dariya ta kama shi. Ya ja mata kujera ya yi mata bayani. Su bakwai ne a guruf ɗin WhatsApp, duk masoyan wani gem na farautar dodanni da aka yi a ƙasar waje. Da suka ga babu dodo ɗaya mai kama da na ƙasarsu, suka yanke shawarar haɗa nasu. Shi aka ba maciji: ya zana shi, ya rubuta inda yake zama, yadda yake kisa, da yadda ake tsira daga gare shi.

Ummussalma ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin Zandam, can ƙasar Gwaram, inda kowace kaka sai an kawo masu saran maciji.

"Wadda ke kashe mutane a wajenmu ba ta kai tsawon hannunka ba," ta ce. "Kububuwa. Launin ƙasa gare ta, tana kwance ƙarƙashin damin gero. Idan ta sari mutum sai ya ga kamar ba komai, washegari jini ya fara fita daga dasashinsa."

"Ki ba ni lambarki. Ki taya ni rubutawa."

"Don aikin gem kawai."

"Don aikin gem kawai," ya ce, yana rubuta lambar a tafin hannunsa duk da ga takarda a gabansa.

Cikin sati biyu fukafukan suka tafi, wutar ma ta tafi. Macijin ya koma mace, suka raɗa mata suna Sarsara. Shi ya turo layi biyu, ita ta goge ɗaya ta ƙara uku.

"Malamata, na ce Sarsara ta shekara dubu a kogon dutse. Ya yi?"

"Bai yi ba, Mai Zane. Me za ta ci a kogo? Ɓeraye take bi, ɓeraye kuma hatsi suke bi. Duk inda manomi ya tara, nan gidanta."

"Na gyara. Kin ci abinci?"

"Wannan ba aikin gem ba ne."

"Na sani. Kin ci?"

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta rubuta, "Na ci. Kai fa?"

Daga nan aka saka ta a guruf. Cikin 'yan guruf ɗin akwai Maikano, ɗan wani mai motocin haya a Gwaram, wanda ya kusa shekara yana aika gaisuwa gidansu ba ta taɓa fitowa ba. Shi ma ya ga yadda take amsa wa Taufiq.

Wata safiya ta buɗe rubutun ta tarar an ƙara sakin layi a sashen Taufiq: idan Sarsara ta sari ɗan wasa, sai ya ɗaure wurin da igiya, ya tsaga da wuƙa, ya tsotse dafin, ya miƙe ya ci gaba da farauta. Ta kife wayar. Kwana uku saƙonninsa suna shigowa ba ta buɗe ba.

Rana ta huɗu ta fito daga aiki ta gan shi jingine da babur ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

"Salmata, laifin me na yi?"

Ta nuna masa. Ya karanta ya girgiza kai.

"Wallahi ban rubuta wannan ba. Maikano ne, ga sunansa a jikin gyaran. Ya ce ya fi daɗin bugawa."

"Daɗin bugawa," ta maimaita. Ta zauna kan benci. "Yayana Salihu, shekara shida ke nan. Yana ɗaga dami kububuwa ta sare shi a hannu. Aka ɗaure, aka tsaga, aka tsotsa. Sai da aka kwana biyu sannan aka nemi mota. A hanya ya rasu. Shi ya sa na karanci aikin lafiya. Yara za su buga gem ɗin nan, Taufiq. Ba zan sa hannuna a ƙaryar da ta kashe shi ba."

Nan take ya rubuta a guruf, tana kallo: "A gem ɗinmu duk wanda ya ɗaure ko ya tsaga, ya mutu. Wanda ya kai asibiti da wuri shi ke tsira. In ba haka ba, na janye zanena duka."

Biyar suka goyi bayansa. A daren Ummussalma ta sake rubuta sashen, ta sa sunan Salihu a ciki. Maikano ya ɗauki hotunan rubutun da na hirarsu, ya fita daga guruf, ya nufi Zandam wajen mahaifinta, Malam Dabo.

Da ta dawo gida mahaifiyarta, Inna Kaltume, ta tare ta a zaure, fuska ba walwala, ta ce Babanta na kira.

Malam Dabo yana zaune kan tabarma, bai ce ta zauna ba.

"An ce kin ɗauki mutuwar yayanki kin mayar abin wasan yara, ke da wani mai gyaran waya."

"Baba, ba haka ba ne."

"Akwai sunan Salihu a ciki ko babu?"

"Akwai."

"To shi ke nan. Ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma zan fara ba. Amma wannan yaron kada ya tako ƙofar gidana."

Ta sanar da Taufiq. Ya amsa: "Zan cire sunan, in zo in ba shi haƙuri."

"Ba za ka cire ba. Ni na sa shi, kuma ban yi laifi ba. Ka bar ni da Baba."

"Ina tsoron in rasa ki, Salmata."

"Ba inda za ni, Mai Zane."

Sati guda Malam Dabo yana amsa gaisuwarta a taƙaice. Ranar Juma'a bayan la'asar ta zo ta durƙusa gabansa da waya a hannu. Inna ta yi mata alama da ido ta tashi, ta ƙi.

"Baba, ka ji daga bakin Maikano, ba ka ji daga nawa ba. Ka bari in karanta maka. In ka ce in goge, zan goge don kai ne ubana, amma ba zan ce na yi kuskure ba."

Ya gyara zama. Ta fara.

"Sarsara ba ta neman kowa. Tana kwance ƙarƙashin dami, mai gona ke zuwa ya same ta. A ƙofar gonar za ka haɗu da wani manomi, sunansa Salihu. Zai tare ka ya ce: sa takalmi, riƙe sanda, kada ka ɗaga dami da hannu. In ta sare ka, kada ka ɗaure, kada ka tsaga, nemi mota tun rana ba ta faɗi ba. Duk wanda ya saurare shi zai fita da rai. Kafin ta yi sara, Sarsara takan yi huci..."

"Ba ta huci."

Ummussalma ta ɗago. Idon Malam Dabo ya yi ja, yana kallon ƙasa.

"Kububuwa ba ta huci. Naɗewa take ta riƙa goga jikinta, ka ji kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Na ji ƙarar a ranar, ina daga nesa, ban yi magana da wuri ba." Inna ta ja gefen zaninta ta rufe fuska, shi kuwa ya ɗora: "Ki gyara wannan. In za ku koya wa yara, ku koya musu daidai. Ci gaba."

Ta karanta har ƙarshe. Ya gyara mata wuri huɗu.

"Ki ce wa yaron ya same ni a gona ranar Asabar. Ya zo da takalmi mai rufi."

Taufiq ya zo da takalmin aro, ya yi masa yawa. Malam Dabo ya ba shi sanda ya sa shi juya dammuna tun hantsi. A dami na goma sha wani abu suka ji ƙarar. Taufiq ya daskare, gumi na zuba, amma bai gudu ba. Ya ja baya a hankali yana kallon kububuwar har ta sulale cikin kara.

"Me kake samu a wasan nan?" Malam Dabo ya tambaya bayan sun zauna a inuwa.

"Ba na samun komai, Baba. Gyaran waya ke ciyar da ni. Amma na gaji da buga labarin wasu. Ko ka hana ni ita, wannan aikin sai mun gama shi."

"Ko na hana ka?"

"Ko ka hana ni. Sai dai zan yi ta dawowa ina roƙo."

Malam Dabo ya miƙa masa gorar ruwa.

"Ka turo manyanka."

Bayan an gama shigar da hatsi rumbu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Dabo. Mutanen garuruwan Maruta da Sara suka cika layin, 'yan guruf biyar suka zo a mota ɗaya daga Birnin Kudu. Maikano bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Da za a tafi da amarya, Ummussalma ta durƙusa gaban mahaifinta, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Ya ɗora hannu a kanta, ya kira Taufiq ya matso.

"Ga ta nan. Ba ta iya shiru a kan gaskiya ba, kada ka nemi koya mata. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya tsare ku daga abin da ido bai gani ba."

Inna Kaltume ta amsa da amin, duk gidan suka amsa tare da ita.