Tagar da Aka Auna da Kofi

"Na ce maka a'a, Kafinta! Sau nawa zan faɗa?"

"Ƙara faɗa, Auta, ko zan ji."

"Ba wasa nake ba..."

"Ni ma haka. Wata goma sha ɗaya ina kallon sama ta tagarku kullum safiya. Ina son ki, aurenki nake son yi."

Auta ta sauke wayar daga kunne, ta kalli Baba. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da a da shi ke jan mawaƙan coci, muryarsa har bakin titi, yanzu kafin ya fitar da kalma ɗaya sai ya yi gumi. Yayyenta duk sun yi aure sun yi nisa. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, keken ɗinkinta ma a gefen gadonsa yake.

Ta rage murya. "Duk wanda ya aure ni ɗauke ni zai yi, ni kuwa ba inda za ni. Ka nemi wata."

Ta kashe wayar, ta shige kicin ta sha kukanta inda Baba ba zai ji ba. Don maganar gaskiya, son bawan Allahn nan ya riga ya yi mata kamun da ba ta shirya masa ba.

A wani zauren hira na waya suka haɗu. Su tara ne a ciki, ba wanda ya taɓa ganin wani ido da ido. Dokar zauren guda ce: kowace safiya kowa ya ɗauki hoton sama ta tagarsa, ya faɗi yadda gari ya waye masa. Daga nan sai hira ta ɓalle. Anti Nas, wadda ta buɗe zauren bayan ta yi ritaya daga asibiti, ta kawo ƙarar jikokinta. Direba ya yi mitar ruwan sama. Mai Jego ta ce jaririnta ya fara haƙori, ba ta runtsa ba. Shi kuwa Kafinta hasashen yanayi ne aikinsa, kuma bai taɓa dacewa ba. In ya ce yau rana za a ƙwalla, kowa sai ya nemi lemarsa.

Amma mutum ne da ba ya mantuwa da damuwar wani. Ka ce mahaifiyarka ba ta da lafiya ran Litinin, ran Alhamis zai tambaye ka ko ta samu barci. Abin da ya fara sace zuciyar Auta ke nan.

Hotonta kullum iri ɗaya ne: tagar ɗakin Baba, kofin shayinsa a ajiye a bakinta, da tsumman da ta cusa inda katakon ya ruɓe. A ƙasa ta rubuta, "Iska ta kwana da mu."

Bayan rigimar nan, kwana huɗu ba ta tura komai ba. Kirsimeti na ta matsowa, zaure ya cika da labarin wanke labule da ɗinkin yara da 'yan uwan da ke hanya. Dama a wannan watan Anti Nas ke karɓar adireshin kowa ta jefa ƙuri'a, kowa ya aika wa wanda ya faɗo masa kyautar da ya yi da hannunsa.

"Auta, ina samanki? Mun ji ki shiru!" in ji Anti Nas.

"Ko sanyin ne ya daskarar da wayar?" in ji Direba.

Kafinta layi ɗaya yake rubutawa kullum: "Yaya jikin Baba?"

Ana saura kwana biyar Kirsimeti, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe, ga wani dogon mutum da garin katako a gashin kansa, rungume da wani abu mai faɗi a naɗe cikin bargo.

"Sannu, Auta."

Muryar kaɗai ta ishe ta. Kafinta ne!

"Kai... me ya kawo ka?"

"Ƙuri'a. Ke kika faɗo mini. Haka dai Anti ta ce, ni ban ga lokacin da aka jefa ba."

Ta so ta ɗaure fuska, fuskar ta ƙi ɗauruwa. Ta matsa masa ya wuce.

Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa a gaban gadon. "Barka da hantsi, Baba. Ya ƙarfin jiki?" Ya kama hannun da ba ya motsi ya riƙe da hannu biyu, bai yi saurin saki ba. Auta ta kau da kai don kada a ga idonta.

Sannan ya warware bargon. Taga ce sabuwa ful, katakon ya sha goga yana sheƙi, gilashin tas, an bi gefenta da roba don kada iska ta samu hanya.

"Sati uku ina yin ta," ya ce. "Daga yau iska ta nemi wani wurin kwanan."

Ya ɗaga ta da alfahari ya kara a jikin tsohuwar. Tagar ta yi kaɗan, kaɗan sosai, kamar an sa wa babba rigar yaro.

"Ba zai yiwu ba! Na auna!"

"Ka auna? Da me?"

"Da kofin mana. A hotunanki faɗin tagar kofi bakwai ne, tsawonta kofi goma. Kofin shayi kuwa inci uku ne, kowa ya san..."

Maganar ta maƙale, don idonsa ya sauka a kan kofin. Wani ƙato ne da mawaƙan coci suka ba Baba kyauta, wanda da hannu biyu ake ɗaukarsa.

"Wannan kofi ne ko bokiti?"

Wani sauti ya taso daga kan gado. Auta ta juya a tsorace, sai ta ga Baba dariya yake, kafaɗarsa na rawa, hawaye na bin kuncinsa. Rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin ya kwanta. Ta zauna a bakin gadon tana dariya tana kuka.

Kafinta ya jingine tagar a bango, ya tsuguna a gabanta.

"Na ji abin da kika ce ranar nan, abar ƙaunata. Ban zo ɗauke ki ba. Sana'ata zarto ce da guduma, ko'ina zan iya kafa shago. Ni zan taso in zo. Ki bar ni in riƙa kama miki ɗaya kafaɗar in za a juya Baba."

"Ba ka san wahalar ba... Ba hutu, ba fita, wata rana ko wanka..."

"Na riƙe mahaifiyata shekara biyu kafin ta rasu. Na sani, Auta."

Ta dubi Baba, ta ga yana ta kokawa da harshensa.

"Ba shi... tef," ya ce da ƙyar.

Ta zaro tef ɗin awonta daga kan keken ɗinki.

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna ɗakin da ke kallon nasa, wanda ya zauna a rufe tun da yayyenta suka tashi.

"Can ma... ya auna."

"Baba!"

"Kin gaji... 'yata. Na gani."

Ta kifa kanta a ƙirjinsa ta fashe da kuka, shi kuwa yana shafa mata kai.

Ranar Kirsimeti da safe hoton Auta ya shigo zaure. Wata sabuwar taga ce da Kafinta ya yi aikinta dare da rana bisa awon tef, ta zauna daram. A bakinta ga ƙaton kofin Baba, ga wani ɗan ƙarami a gefensa.

"Kofin waye na biyun?!" Anti Nas ta tambaya, sai ka ce ba ita ta haɗa abin ba.

"Na mai hasashe ne, ya zo gaishe da surukinsa," Auta ta rubuta. "Ya ce yau rana za a yi, ga shi hazo ya rufe gari, ko ranar ba a gani. Amma iska ba ta shigo ba. Ku fara shiri, a bikinmu za ku ga fuskokin juna."