Ranar da Aka Kwantar da Dutsen Cindo

"Baba, Musulmi ne fa! Masallaci ɗaya kuke sallar Juma'a!"

"Ban ce ba Musulmi ba ne, Rauda. Cewa na yi ba sa'anki ba ne."

Ina durƙushe a gabansa, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Mahaifina, Alhaji Hammanjoda, dillalin shanu ne da kowa ya sani a Sintali, kuma idan ya ce a'a, ko saniya ba ta ƙara motsi.

"Ɗan dutse!" ya ce. "Jikan mutanen da kakanninmu suka ci da yaƙi! Shi zan ɗauki 'yata in ba? Garin nan bai gama warkewa daga rikicin shekarar casa'in da biyu ba, ki zo ki tono mini na shekara ɗari?"

"Baba..."

"Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi, amma zuciyata ba ta tashi daga kan Manga ba.

Manga malamin tarihi ne a makarantar da na je koyon aikin koyarwa. Ƙauyensu yana can bayan duwatsun Kona. Ranar da ya kai ɗalibai hawan dutse su ga inda aka yi yaƙin da, ni aka ce in raka 'yan mata. Na je da takalmi mai tsini, don iyayi. Kafin mu kai rabi ƙafata ta kumbura. Ya cire nasa silifa ya miƙo mini, ya ƙarasa hawan ba takalmi, yana ta ba yara labari kamar ƙaya ba ta sukarsa.

Tun daga ranar nan na rasa kaina.

Mutum ne da idan ya ce miki ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗun ne, ko ana ruwa da ƙanƙara. Ban taɓa kama shi da saɓa alkawari ba. Abin da ya fi burge ni ke nan, ni wawuya!

Washegarin faɗanmu da Baba na shige ɗakin kakata Hajja, na kwanta a gadonta na ƙi cin abinci. Tana zaune tana dama fura, tana satar kallona.

"Ke dai raguwa ce," ta ce. "A kan namiji za ki kashe kanki da yunwa?"

"Ki bar ni in mutu, Hajja. Ai ɗanki ne ya kashe ni."

 Ta ajiye ludayi.

"Bingel am, jikata, ja ƙofar nan. Kin san sunan uwata?"

"Barka."

"Wannan sunan da aka ba ta ne a gidan nan. Uwata daga dutsen can aka sauko da ita, ranar yaƙin. Tana 'yar ƙarama, ta je ɗiban ruwa a marmaro ita da ɗan'uwanta, tagwaye ne. Shi ya shige kogo, ita aka sure ta. Cindo ce, yatsu shida a hannun hagu. Har ta mutu, idan hadari ya taso ta wajen dutsen, sai ta fita ta tsaya tana kallo."

Na miƙe zaune.

"Hajja! Kina nufin Baba..."

"Ubanki ya sani. Kunya ce ta sa ya binne maganar, kada a ce masa jikan baiwa. Ki bar ni da shi. Ni na haife shi."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Mu a wurinmu, wane aure ne ya kai na zumunta? Innata 'yar baffan Baba ce. Yayata ɗan goggonmu ta aura. Idan har jininmu ɗaya da mutanen dutse, to me ya rage?

Ban iya riƙe maganar ba. Na tafi Kasuwar Jalingo wurin Hamna, ƙawata mai ɗinki, wadda ƙauyensu ɗaya da Manga. Ita ce mai kai mini saƙo wurinsa tun da Baba ya hana mu haɗuwa.

Ina faɗar cindo, keken ɗinkinta ya tsaya cak.

"Cindo? Tagwaye? A marmaro?"

"Kin san labarin ne?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara zare.

"Kowa ya sani a garinmu. Daga gidan su Manga aka ɗauke ta."

Na rungume ta ina ihu, har maƙwabtan rumfa suka leƙo.

"Rauda, ki ji shawarata," ta ce a hankali. "Kada ki gaya masa yanzu. Ranar Lahadi ake hawa sharar kufai, duk dangi za su hallara. Ki faɗa a gaban kakarsa, a gaban kowa. Ki ba shi mamaki."

"Allah ya bar mini ke, Hamna!"

"Amin," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ranar Lahadi na ce a gida zan je duba ƙawa. Manga ya ɗauke ni a babur a Abbare, muka miƙe har gindin dutse. Ya daɗe yana so ya nuna ni ga kakarsa, ni ce nake ja da baya don tsoro.

"Yau kam fuskarki sai walƙiya take, hasken idona. Me ya faru?"

"Za ka ji."

"Ko Baba ya sauko ne?"

"Na ce za ka ji, masoyina. Gaggawar me kake?"

Muka fara hawa. Damina ta ja baya, ciyawa ta kai ƙugu. Yana gaba yana buɗe mini hanya da sanda, yana nuna mini wurare. Nan ga ragowar ganuwar dutse. Can ga inda aka ce harbin igwa ya tsaga wani falalen dutse. Ga marmaron, har yau yana tsiyaya, mata na ɗiba da ƙwarya.

Na tsaya na sha da tafin hannu. Sanyinsa ya ratsa ni har ƙirji.

"Kuka kike yi?" ya tambaya.

"Daɗin ruwan ne."

A saman dutsen akwai fili, tsohon mazaunin gidansu. Mutane sun cika shi, masu hula da masu sarƙar giciye, kowa da fartanya ko tsintsiya. A gefe guda ga kaburburan waɗanda suka faɗi a yaƙin, an jera musu duwatsu a kwance. A ɗaya gefen kuwa wasu dogayen duwatsu ne a tsaye.

"Waɗannan fa?" na tambaya.

"Na waɗanda aka tafi da su ne. Ba mu ga gawarsu ba, ba za mu kwantar da su ba. Suna tsaye suna jira, sai ranar da jininsu ya dawo gida." Ya dafa wani siriri a ƙarshen layi. "Wannan namu ne. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ni nake share gindinsa."



Kakarsa, Kaka Cecilia, tana zaune a kan turmi da sanda a hannu. Ita ta raine shi tun rasuwar iyayensa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa, ba yabo ba fallasa.

"Kai ne 'yar Fulani?" ta ce da irin Hausarta. "Me ka zo nema wurin mutanen da kakanka ya kashe?"

 Manga ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

"Kaka, ni ba baƙuwa ba ce. Ni jininku ce!"

Na faɗi komai. Marmaro, tagwaye, kogo, yatsu shida a hannun hagu. Na faɗa da ƙarfi, har na bayan ganuwa su ji.

Sandar Kaka ta faɗi.

Ta kira wani suna da ban taɓa ji ba, ta sake kira. Ta rarrafo ta kama fuskata da hannu biyu.

"Ubana ne ya shiga kogo," ta ce tana kuka. "Har ya mutu yana kiran 'yar'uwansa. Ya dawo! Jama'a, 'yarmu ya dawo!"

Guɗa ta ɓarke. Mata suka yi kaina, wannan ta rungume, waccan ta ɗaura mini zane. Wani tsoho ya cire hularsa yana share ido da ita. Ni kuwa sai dariya nake ina hawaye, ina ta waigen Manga in ga farin cikinsa.

Yana tsaye inda na bar shi.

Fuskarsa ta koma kamar toka.

"Manga?"



"Zo mana," Kaka ta ce masa. "Zo ka kama hannun ƙanwarka ku kwantar da dutse."

Na yi murmushi. "Kaka, ai shi ya sa na faɗa. Tunda dangi ne, auren ya zo da sauƙi ke nan."

Guɗar ta mutu.

Kaka ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Aure? Wane aure? Gidan nan ba a auren jini."

"Kaka, ai da nisa! Mu a wurinmu..."

"Wurinku daban. Mu bayan yaƙi iyayenmu sun rantse. Duk wanda ya fito daga cikin waɗanda aka kwashe, ɗan ɗaki ne, ko bayan shekara nawa. An ɗauki uwarsa an maishe shi matar dole, mu kuma mu sake maishe shi mata? Kowane yaro a gidan nan ya dafa dutse ya yi wannan alkawari."

Manga ya zube a gabanta.

"Kaka, addinina bai hana ba..."

"Ban ce addininka ya hana ba. Da sunan wa ka rantse ranar da ka dafa dutsen?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ina tambayarka."

"Da sunan Allah," ya ce, da ƙyar na ji.

"To."

Na kama gefen rigarsa, na manta da kunya, na manta da mutane.

"Manga, ka ce wani abu! Ka yi kaffara mana! Ka yi azumi, ni ma in taya ka!"

Ya ɗago, idanunsa jawur.

"Me ya sa ba ki fara gaya mini ba, Rauda? Da ni kaɗai kika gaya wa... wallahi da na haɗiye maganar nan har kabarina."

"Hamna ce ta ce..."

Na juya. Tana can cikin mata da tsintsiya a hannu. Muka haɗa ido, ba ta ko ƙifta ba.

Ta sani. Tun a rumfarta ta san gidan nan ba a auren jini.

"Mu gudu," na raɗa masa. "Mu tafi Yola, mu tafi ko'ina!"

"In bar tsohuwar da ta tauna ta ba ni? A ranar da ta ga abin da ubanta ya mutu yana jira?" Ya girgiza kai. "Ina sonki, Rauda. Allah ya sani ina sonki kamar raina. Amma yanzu duk mutanen nan sun ji."

Aka kawo fartanya aka tone gindin dutsen. Aka ce mu kama, shi ta can, ni ta nan. Yana da nauyi ƙwarai. Muka kwantar da shi a hankali kusa da kabarin uban Kaka, ɗan'uwan mai dutsen, wanda shi ma nan aka binne shi, yatsunmu suka taɓa juna a ƙarƙashi, ya janye nasa.

Masu addu'a suka yi, masu waƙar coci suka yi. Kowa yana murna.

Muka sauko. A kan babur na riƙe ƙarfen baya, ban taɓa shi ba.

Ana kiran la'asar na shiga gida. Baba yana zaune a tsakar gida, Hajja a gefensa tana jan carbi, tana wani murmushi ƙasa-ƙasa.

"Rauda, zo nan."

Na durƙusa.

Ya yi gyaran murya, yana kallon ƙasa.

"Hajja ta yi mini magana. Wanda ya raina asalinsa, kansa ya raina. Na yi kuskure. Ki ce wa yaron ya turo manyansa."

Wayyo Allah!

Na buɗe baki, kuka ya riga magana fita. Hajja ta ɗauka na daɗi ne, har tana tsokanata.

"To raguwa, an ba ki, kuma kukan na mene ne?"

"Za su zo, Baba," na ce. "Sun ce ranar Asabar za su zo."

"Madalla."

"Ba neman aure ba. Hajja za su zo gani."

Sai da na ba su labarin rantsuwar sau biyu kafin su gane. Baba ya ce wannan ai al'adar banza ce, zai same su da kansa. Ya kuwa je, mutumin da bai taɓa taka ƙauyen ba. Ya dawo da yamma bai shawo kansu ba, ya shige ɗakinsa, bai nemi ko ruwa ba.

Ranar Asabar motar akori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu. Suka sauko da akuya, da dawa, da tulun ruwan marmaro. Aka riƙo Kaka Cecilia har ɗakin Hajja. Tsofaffin nan biyu suka ƙanƙame juna suna kuka, ɗaya na Fulatanci, ɗaya na yarensu, ba mai jin wata, kuma ba mai sakin wata.

Hajja ta sha ruwan nan ta ce yau uwarta ta huta.

Ina ɗakina ina jin komai. Na kasa fita, na kasa yin fushi da kowa.

Can na jiyo muryar Baba daga zaure.

"Manga, me kake yi a nan cikin baƙi? Kai ai ɗan gida ne. Shiga ciki ka gaishe da ƙanwarka."

Na ji takunsa a tsakar gida. Ya tsaya a bakin ƙofata, ya yi sallama. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

Muka daɗe muna kallon juna.

"Sannu... ƙanwata," ya ce.

Na jawo mayafi na rufe kaina, na durƙusa yadda ake yi wa babban wa.

"Sannu da zuwa, Hamma."