Mai Riƙon Makulli

Ranar da suka fara haɗuwa, Auta ba ta yi niyyar bi ta bayan rumfar ajiye kayan aikin makaranta ba. Tana koyar da ƙananan yara a makarantar da ke ƙarshen layinmu, amma shekara biyu ba ta taka wannan ɓangaren filin makarantar ba, tun da mahaifinta ya rasu a wurin. Ran nan an rufe babbar ƙofa ana gyara, dole ta zagaya.

Tana sauri, kanta a ƙasa, sai ta ji an ce, "Malama, don Allah minti goma."

Saurayi ne dogo siriri, rigar aikinsa duk baƙin mai. A gabansa ga motar yankan ciyawa, irin wadda ake hawa a tuƙa. Ita ce dai wadda Auta ta sani. Ya miƙo mata makulli.

"Riƙe mini wannan, ki tsaya inda zan riƙa ganin ƙafarki. Zan shiga ƙarƙashi in kwance wuƙa."

"Ba ka da aljihu ne?"

"Har guda huɗu. Amma aljihu ba ya ihu in wani abu ya faru."

Ta so ta wuce, ƙafarta ta ƙi. Ta karɓa.

Ya ja birki. Ya zare wayar fulogi ya lanƙwasa ta gefe. Ya tokare tayoyin baya, ya ɗaga gaban da jak, sannan ya tura gungumen katako biyu ya sauke nauyin motar a kansu. Ya kama motar da hannu biyu ya girgiza, ba ta motsa ba. Sai a lokacin ya sa safar hannu ya kwanta.

Auta ta ce mini daga baya, kafin ya fito makullin ya jiƙe sharkaf da gumin hannunta.

Ni ce mahaifiyarta. Maigidana ya yi shekara ashirin yana yanke ciyawar filin nan. Wata safiya bayan an yi ruwa ya ɗaga motar da jak kaɗai, ƙasa ta yi laushi, jak ya zame. Ba kowa a rumfar sai shi. Sai da yara suka fito shan iska aka same shi.

Daga tsakar gidanmu ana jin ƙarar motar. Tun daga ranar, in ta tashi ba na iya zama. In shiga ɗaki, in fito, in share inda na riga na share.

Duk Alhamis bayan an tashi yara saurayin yake duba motar. Ya zuba baƙin mai, ya kakkaɓe filta, ya kankare ciyawar da ta manne. Duk Alhamis kuma Auta ta fara dawowa a makare. Saƙonninsu da ta nuna mini bayan komai ya wuce suna nan a kaina.

"Mai riƙon makullina, gobe zan wasa wuƙaƙe. In ba ki zo ba, ciyawa za ta kai wa ɗalibanki wuya."

"Mai Ciyawa, ni malama ce, ba mai gadi ba. Ƙarfe nawa?"

"Biyu. Ki zo da murmushin nan, ni zan zo da kujera."

Kujerar ashe bokiti ne da aka kife.

Ba wanda ya kawo mini gulma. Wanki nake yi na ji warin fetur da ɗanyar ciyawa a gyalenta. Wannan warin na san shi fiye da na turarena. Na zauna a bakin famfo har ta shigo.

"Wa kike tsayawa da shi a rumfar babanki?"

Ta sunkuya. "Umma, yana so ya zo ya gaishe ki."

"Kada ya zo. Na wanke riga mai wannan warin shekara ashirin, ta ƙarshe da jini na wanke ta. Ke ba za ki wanke ba."

"Umma, ba ki ga yadda yake aiki ba."

"Na ga yadda babanki yake aiki. Akwai wanda ya fi shi hankali?"



Dama akwai mai kantin magani na bakin titi da ya daɗe yana aiko da gaisuwa. Mutum mai tsabta, yini yake a ƙarƙashin fanka, abu mafi nauyi da yake ɗagawa kwalin sirinji. Na ce wa baffanta a ba shi dama. Ya fara zuwa da yamma, yana ajiye motarsa inda duk layi zai gani.

"Umma," in ji Auta bayan ya tafi, "mutumin nan ko sannu na ce sai ya tambaye ni ko ina jin jiri."

"Yana kula da ke ne."

"Jiya na yi atishawa, ya rubuta mini magani kala uku."

Na danne dariyata. Na ce, "Gara mai rubuta magani."

Ta bi maganata, ta daina zuwa rumfar. Amma gidan ya zama ba daɗi. Ni ina zirga-zirga in motar ta tashi, ita tana zirga-zirga in waya ta yi ƙara. Ta rame, abinci sai ta jujjuya cokali ta ture.

A mako na uku ta hango ta tagar ajinta nas ɗin makarantar tsaye a bakin rumfa, makulli a hannunta, tana dariya. Auta ta dawo gida idanunta jajir. Ta rubuta masa:

"Ashe makullin na kowa ne. Allah ya ba da sa'a."

Ba a jima ba amsa ta zo. Ta karanta, ta ajiye mini wayar a cinya ta shige ɗaki. Karatuna ba sauri, amma na bi shi kalma-kalma.

"Hasken idona, makullin na duk wanda zai tsaya ne. Ni ne naki ke kaɗai. Amma ba zan shiga ƙarƙashin motar nan ba kowa a kaina, ko za ki yi shekara ba ki kula ni ba. Gara ki yi fushi da ni ina raye."

Na karanta sau uku. 

Ranar Talata da hantsi motar tana ta aiki, ina ta kai da kawo kamar kullum. Kwatsam sai ta yi wata irin ƙara ta mutu. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jira ta sake tashi. Shiru. Na jira. Shiru. Ashe shirun ya fi ƙarar ciwo. Ban san lokacin da na ja mayafi ba, takalmina ma wari da wari na saka.

Na sami saurayin zaune a kan bokiti a bakin rumfar, lafiyarsa ƙalau. Ya turo motar ciki, wata tsohuwar wayar ƙarfe ta naɗe a wuƙarta. Shugaban makaranta yana juyawa ke nan yana faɗa, wai gobe akwai wasanni, rabin fili bai yanku ba, aikin minti biyar ya zauna yana jiran ɗan kallo. Yaron ya ce, "Yallaɓai, ka tsaya mini kai." Shugaban ya ce yana da baƙi, ya wuce.

Yaron bai taɓa ganina ba. Ya miƙe ya rusuna.

"Mama, don Allah minti goma."

Ya sa mini makullin a hannu. Har yanzu da ɗan zaren shuɗi da na ɗaura wa maigidana a jikin makullin don kada ya ɓace masa.

Na tsaya. Na ga ya taɓa injin ya tabbatar ya huce, ya zare wayar fulogi, ya tokare taya, ya tura katako, ya girgiza. Da ya kwanta na kasa kallo, na juya fuskata bango.

A bangon akwai rubutu da alli, layi-layi. Ranar da aka canja mai, ranar da aka wasa wuƙa, ranar da aka sa sabon bel. Na sama hannun maigidana ne, da irin bakwai ɗinsa mai kama da sanda. Ba a goge ko ɗaya ba. Daga ƙasa wani hannu ya ci gaba.

"Wa ya yi wannan rubutun?" na tambaya.

Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Wanda ya riga ni aikin ne, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa ganinsa ba, amma shi ya koya mini. Duba layinsa na ƙarshe, Mama."

Na matsa. An rubuta: A samo katakon tokare.

"Ya san ana bukata," in ji shi. "Lokaci ne bai ba shi dama ba. Ranar da na kama aiki, kafin in taɓa makullin nan, sai da na je na yanko su."

Ya fito da wayar ƙarfen a hannu, ya ga fuskata, ya tsaya.

Na ce, "Mijina ne."

Ya durƙusa a ƙasa, cikin mai da ciyawa, ya kasa ɗaga kai. Ni ma na zauna a kan bokitin na yi kukan da na daɗe ban yi ba.

Da na share ido na ce, "Ka gama?"

"Na gama, Umma."

"To ungo makullinka. Ka turo manyanka wurin baffanta."

Mai kantin magani ya yi fushi na kwana biyu, ya aiko mini da maganin hawan jini kyauta, ya haƙura.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita na riƙe hannayensu biyu na ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su tsufa tare, abin da ni ban samu ba. Auta tana kuka, shi yana cewa amin har muryarsa ta dushe.

Har yau in motar ta tashi ba na iya zama. Amma in ta yi shiru, na san ba zai kwanta ba sai wani ya tsaya. In Auta tana aji, ni nake jan mayafi in tafi.